Takardar yabo ta WAC: mafari mai kyau ga sabon shiga

Duk wanda ya samu lasisin rediyon sha'awa (inda mutane ke tuntuɓar juna ta na'urorin rediyonsu don nishaɗi) kwanan nan, kuma yake neman takardar yabo ta farko, shawarata ita ce ya fara da WAC (Worked All Continents, wato tuntuɓar dukkan nahiyoyi), wadda aka soma bayarwa a 1926, kuma IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, take bayarwa. Sharaɗinta ba shi da sarƙaƙiya, domin abin da ake buƙata shi ne mutum ya tuntuɓi tasha ɗaya a kowace nahiya cikin shida, wato Afirka, Turai, Asiya, Oshaniya, Amurka ta Arewa da ta Kudu, sannan ya gabatar da katunan QSL, wato katunan da tasoshin da ya tuntuɓa ke aikowa don tabbatar da tuntuɓar, a matsayin shaida. Wannan ya fi takardar yabo ta DXCC sauƙi nesa ba kusa ba, tunda ita sai an tuntuɓi ƙasashe da yankuna 100.

Da eriyar wayar ƙarfe na yi nawa, a zangon rediyo na mita 20. Oshaniya ce ta ba ni wuya, don na shafe makonni ina kasa kunne kafin wata siririyar murya ta maimaita lambar kiran tashata, har hannuna yana rawa wajen rubuta lokacin. Jiran katunan ta gidan waya yana buƙatar haƙuri, kuma nawa na ƙarshe sai da ya yi watanni kafin ya iso.