Gargaɗi Kan Masu Tallar Maganin CAR-T na Bogi ga Masu Fama da Sankarar Limfoma

Akwai wata damfara da ke bibiyar masu fama da sankarar limfoma, musamman waɗanda cutar ta dawo musu bayan sun kammala maganin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, da waɗanda tun farko ta ƙi jin magani. Masu yin ta ba su ƙirƙiro sunan wani magani daga bakinsu ba. Sun ɗauki sunan magani na gaskiya da ake kira CAR-T, wanda ya ceci rayukan mutanen da likitoci suka riga suka sare da lamarinsu, suka liƙa shi a kan abin da suke sayarwa. Suna kutsawa cikin dandalolin sada zumunta inda marasa lafiya da danginsu ke musayar shawara, su lura da wanda ya rubuta cewa cutar ta dawo, sannan su bi shi da saƙo a keɓe, suna gabatar da kansu a matsayin masu haɗa mara lafiya da asibitin ƙasar waje. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma a kan wannan hali suke gina sana'arsu.

Sanin yadda ake yin maganin na gaskiya shi ne babban abin da ke tona asirin na bogi. Limfoma sankara ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, wadda galibi take bayyana da kumburin kaluluwa, kuma mafi yawan nau'o'inta daga rukuninsu da ake kira ƙwayoyin B suke tasowa. A maganin CAR-T ana jona mara lafiya da wata na'ura na tsawon sa'o'i, ta tace ƙwayoyin T, wani rukuni na ƙwayoyin garkuwar jiki, daga jininsa ta mayar masa da sauran. Ana aika ƙwayoyin zuwa masana'anta ta musamman, a shigar musu da wani sabon umarni na gado wanda zai sa su gane wata alama da ake kira CD19 a jikin ƙwayoyin sankarar, a hayayyafa su, a daskarar, a dawo da su. Wannan aiki yana ɗaukar makonni. Kafin a zuba su a jijiya kuma sai an yi wa mara lafiya kemo na 'yan kwanaki, yawanci da fuludarabin da saikulofosfamaid, domin a share wa sababbin ƙwayoyin fili. Kowace jaka ta mutum ɗaya ce, da sunansa da lambarsa, ba a iya ba wa wani. Saboda haka duk wanda ya ce yana da CAR-T a ajiye cikin firji, zai aiko da shi a kwalba ko a yi allurarsa gobe da safe a wani ƙaramin asibiti, abin da yake bayyanawa bai yi kama da ko ɗaya daga cikin magungunan CAR-T da aka ba wa izini don limfoma ba.

Magungunan da hukumomi suka amince da su sanannu ne, kuma ba su da yawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Yescarta a watan Oktoba na 2017 don limfoma mai saurin yaɗuwa ta manyan ƙwayoyin B, ta ƙara Kymriah don irin wannan cuta a 2018, sai Breyanzi a 2021, yayin da Tecartus ya samu izini a 2020 don wani nau'i dabam da ake kira limfomar mantul. Tarayyar Turai ta ba Yescarta da Kymriah izini a 2018.

Inda 'yan damfarar suka fi ƙwarewa shi ne kwatance. Sukan turo wani jadawali mai kyan tsari, wanda ya jera waɗannan magunguna a gefe guda da nasu a ɗaya gefen, inda nasu ya fi kowanne warkarwa, ya fi araha, kuma ba shi da illa. Wanda ya san yadda likitoci ke fama kafin su iya kwatanta magungunan gaskiya da juna zai gane cewa wannan jadawali ƙage ne tun daga tsarinsa. Manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su wajen ba da izini ba su haɗa magungunan nan da juna kai tsaye ba, kowanne an gwada shi ne a kan nasa rukunin marasa lafiya, da nasa sharuɗɗan shiga. Ko da aka gwada uku daga cikinsu a kan tsohuwar hanya ta kemo da dashen ɓargo ga waɗanda cutar ta dawo musu da wuri, sakamakon bai zo iri ɗaya ba: Yescarta da Breyanzi sun nuna fifiko, abin da ya sa aka faɗaɗa izininsu a Amurka a 2022, amma gwajin Kymriah bai nuna wannan fifiko ba. Masana sun daɗe suna muhawara kan ko bambancin daga maganin yake, ko daga tsarin gwajin da tsawon lokacin da marasa lafiya suka jira kafin a zuba musu ƙwayoyin.

Domin cike wannan giɓi ne ake komawa ga rajistar marasa lafiya da aka yi wa magani a asibitoci na yau da kullum. Ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen da aka fi ambata shi ne na rajistar DESCAR-T ta Faransa, wanda aka wallafa a 2022, inda aka daidaita marasa lafiya masu kamanceceniya da juna sannan aka kwatanta Yescarta da Kymriah. Cutar ta ja baya a kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka ba Yescarta, da kusan kashi 66 na waɗanda aka ba Kymriah, kuma waɗanda suka kai shekara guda a raye sun fi yawa a ɓangaren Yescarta. Amma a wannan nazarin dai, munanan illolin da suka shafi ƙwaƙwalwa sun fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren Yescarta. Wannan ita ce siffar kwatance na gaskiya: ƙarfin aiki yana tafe da nasa farashin a jiki, kuma likita yakan auna shekarun mara lafiya, da ƙarfin zuciyarsa da ƙodarsa, da saurin da cutar ke yi, kafin ya zaɓi ɗaya. Ko a gwajin farko na Yescarta, wanda ake ɗauka a matsayin babbar nasara, waɗanda ke raye bayan shekara 5 kusan kashi 43 ne cikin 100. Ga mutanen da a da ake lissafa musu watanni, wannan adadi abin murna ne ƙwarai, amma ya yi nisa da kashi 95 ko 98 da ake gani a takardun masu talla.

Batun illa ya cancanci a tsaya a kansa, domin alƙawarin cewa babu illa shi ne ya fi jan hankalin wanda kemo ya riga ya galabaitar. Ƙwayoyin CAR-T idan suka kama aiki sukan tayar da garkuwar jiki da ƙarfi, har a samu zazzaɓi mai zafi, matsin jini ya faɗi, numfashi ya yi wuya, wani lokaci sai an kai mutum ɗakin kulawa ta musamman. Akwai maganin kwantar da wannan tashin garkuwa da ake kira tosilizumab wanda dole ya kasance a kusa kafin a fara. Ana kuma samun ruɗewa, da sarƙewar magana, da rawar hannu, har da farfaɗiya, shi ya sa a cibiyoyin da ke wannan aiki ake sa mara lafiya ya rubuta jimla guda kullum, domin lalacewar rubutun hannu na daga cikin alamun farko. Bayan haka jini kan daɗe bai farfaɗo ba, garkuwar jiki kuma ta yi rauni na watanni saboda maganin yana kashe ƙwayoyin B masu lafiya tare da masu cutar. A farkon 2024 hukumar Amurka ta umarci kamfanonin da su ƙara gargaɗi kan yiwuwar samun wata sankara ta ƙwayoyin T bayan maganin, duk da cewa abin ba kasafai yake faruwa ba. Cibiyar da ke ba da maganin gaskiya za ta zaunar da kai ta karanta maka duk wannan kafin ka sa hannu, ta kuma bukaci ka zauna kusa da ita na wani lokaci tare da mai jinya. Wanda ya ce za ka karɓi ƙarin ruwa na awa ɗaya ka hau jirgi washegari, ko dai abin da zai zuba maka ba ya aikin komai, ko kuma bai damu da abin da zai same ka a hanya ba.

Damfarar tana zuwa ta fuska fiye da ɗaya. Mafi sauƙinta ita ce ta dillalin da babu asibitin komai a bayansa, wanda zai karɓi takardun gwajin mara lafiya, ya dawo bayan kwana biyu da wasiƙa mai ɗauke da tambarin wata cibiya ta gaske, ya ce an amince, sai dai gurbin masana'anta ɗaya ne ya rage, a biya kafin alƙalami cikin gaggawa zuwa asusun wani mutum ko ta kuɗin kirifto. Wannan dabara tana cin kasuwa saboda ƙarancin gurbi matsala ce da aka sani a maganin gaskiya. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta asibitin da yake akwai da gaske, da gini da ma'aikata sanye da fararen riguna, inda za a ɗebi jinin mara lafiya, a ajiye ƙwayoyin cikin sinadarai na 'yan kwanaki, a mayar masa ba tare da an sauya musu komai na gado ba. Sunayen da ake ba irin wannan sun haɗa da CIK, da ƙwayoyin NK, da rigakafin ƙwayoyin dendirit. Ana binciken wasu daga cikinsu a jami'o'i, wannan gaskiya ne, amma babu wanda aka tabbatar yana yi wa limfoma abin da CAR-T ke yi, kuma sayar da su da sunan cewa daidai suke da shi ko sun fi shi yaudara ce tsagwaronta. A 2016 mutuwar wani ɗalibin jami'a a China, wanda ke da wata sankara dabam kuma iyalinsa suka kashe kuɗi masu yawa a kan irin wannan magani bayan ya ci karo da tallarsa a shafin bincike na Baidu, ta tayar da ƙura har hukumomin ƙasar suka hana sayar da shi a asibitoci in ba a cikin bincike ba. Hukumar magunguna ta Turai ita ma ta fitar da gargaɗi a 2020 kan magungunan ƙwayoyin halitta da ba a tabbatar da amfaninsu ba.

Tsadar maganin gaskiya ce ta buɗe wannan kasuwa. Lokacin da Yescarta ya fito a Amurka farashinsa dala 373,000 ne, ban da kuɗin kwanciya da na magance illoli. Daga baya an samu masu rahusa na halal: China ta amince da magungunan CAR-T biyu don limfoma a 2021, Indiya kuma ta amince da nata na gida mai suna NexCAR19 a 2023, wanda farashinsa ya yi ƙasa sosai da na Amurka. Saboda haka araha kaɗai ba hujja ba ce ta damfara, kuma ba daidai ba ne a zargi kowace cibiya ta waɗannan ƙasashe. Matsalar ita ce dillalai sun mayar da wannan labari mayafi, suna ambaton ƙasar da sunan maganin, alhali wurin da za su kai ka ba ya cikin cibiyoyin da aka ba izinin amfani da shi. Haka suke yi da kalmar gwaji. Sukan nuna lambar rajista a shafin ClinicalTrials.gov, inda ake rajistar gwaje-gwajen magani, kamar takardar izini ce, alhali shafin da kansa ya bayyana cewa sanya gwaji a cikinsa ba ya nufin gwamnatin Amurka ta tantance shi. A gwaji na gaskiya akwai kwamitin kula da haƙƙin marasa lafiya, akwai sharuɗɗan da za su iya hana ka shiga, kuma a al'ada ba a sayar wa mutum maganin da ake gwadawa a kansa. Gwajin da ke karɓar duk wanda ya iya biya, ko wace irin sankara gare shi, ciniki ne.

Asarar kuɗi ba ita ce mafi muni ba. Limfoma mai saurin yaɗuwa idan ta dawo tana iya sauya halin mutum cikin makonni, kuma cancantar samun CAR-T na gaskiya ta dogara da cewa jiki bai riga ya raunana ba. Wata biyu da aka ɓata ana jiran dillali, ko ana karɓar ƙarin ruwan da ba ya taɓa cutar, na iya zama watannin da za a iya yin amfani da su wajen kemo na riƙe cuta, ko dashen ɓargo, ko magunguna irin su gulofitamab da efkoritamab, waɗanda aka amince da su a 2023, suke jawo ƙwayoyin T na mara lafiya zuwa kan sankarar ba tare da an jira masana'anta ba. Wasu masu tallar har sukan ce a dakatar da maganin asibiti domin kada ya ɓata nasu, su kuma ja kunnen iyali cewa kada a gaya wa likita domin likitoci na kishin abin da zai rage musu ciniki. Wannan umarni shi kaɗai ya isa a yanke hulɗa da su.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan tayi ya nemi a rubuta masa cikakken sunan maganin, da alamar da yake kai wa hari, da hukumar da ta ba shi izini da kuma don wane nau'in limfoma, sannan ya kai takardar ga likitan jinin da ke kula da shi kafin ya biya ko sisi. Ya nemo lambar asibitin da aka ambata daga shafin asibitin kansa, ya tambaya ko sun san dillalin da wasiƙar, kada ya yi amfani da lambar da dillalin ya bayar. Cibiya ta gaskiya za ta nemi sakamakon gwajin tsokar da aka yanka, da hoton PET na kwanan nan mai nuna inda cutar take a jiki, da jerin magungunan da aka riga aka sha, za ta so yin magana da likitansa, kuma za ta bayyana wanda zai ci gaba da duba shi bayan ya koma gida. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ya sanar da bankinsa nan take, ya adana saƙonni da rasit, ya kai ƙara ga 'yan sanda da hukumar kula da magunguna. Idan an riga an zuba masa wani abu a jijiya, ya gaya wa likitansa ranar da aka zuba da kuma abin da aka ce masa an zuba ba tare da jin kunya ba, domin zazzaɓi bayan irin wannan ƙarin ruwa na iya zama alamar ƙwayar cuta ta shiga jini, kuma ga mai raunin garkuwa wannan lamari ne na gaggawa.