Akwatin neman suna: Tkinter ko Qt, amsa ga ɗan'uwanmu na wajen Ringim

Ɗan'uwa ka ce kana haɗa wa ƙungiyar manoman ƙauyenku manhajar rubuta wanda ya karɓi taki da iri bashi, ka riga ka yi nisa da Tkinter, wato kayan ƙera tagogin manhaja da ke zuwa da Python, da ka zo wajen saka akwatin da sakatare zai rubuta suna mutum ya fito masa sai wani ya ce ka watsar ka koma PyQt, wato hanyar amfani da kayan ƙera tagogi na Qt daga cikin Python, wai can komai a shirye yake. Ka kuma ce laptop ɗin tsohuwa ce, sunayen ba su kai dubu ba. To ni dai shawarata kar ka watsar, amma bari in jera maka su ka gani da idonka, don wanda ya ba ka shawarar ma ba ƙarya ya yi ba.

In dai akwatin kansa ake magana Qt ta fi, wannan ba musu. QLineEdit ɗinta layi ɗaya za ka rubuta da setPlaceholderText rubutun nan mai ruwan toka ya fito a ciki yana cewa "rubuta sunan manomi", wani layin setClearButtonEnabled ka ba shi True sai ɗan maɓallin gogewa ya bayyana a gefe da zarar an fara rubutu, in kana son hoton madubin bincike a farkon akwatin addAction zai saka maka. Danna dama na maus ma yana fito da kwafi da liƙawa ba tare da ka yi komai ba, kuma Ctrl+Z na dawo da abin da aka goge. Entry na Tkinter kuwa fili ne kawai na rubutu. A Tk 8.6 wanda shi ne a hannun yawancinmu babu rubutun toka, babu maɓallin gogewa, babu jerin danna dama, duk kai za ka ƙera. Kuma ina roƙonka kar ka bi dabarar nan da ake yawan nunawa ta cusa rubutun toka a cikin akwatin a cire shi in an danna, domin manhajar ba ta san ado ba ne, tana iya ɗaukar "rubuta sunan manomi" a matsayin abin da ake nema, sakatare ya buɗe da safe ya tarar teburi wayam ya ɗauka bashin mutane ya ɓace. Ka saka Label a gefen hagu ka rubuta Nema, ka saka ƙaramin Button a dama mai gogewa, shi ke nan, aikin minti goma ne, kuma ga dattijon da bai saba da kwamfuta ba rubutun da ke zaune a gefe kullum ya fi wanda ke ɓacewa.

Wajen sanin cewa an rubuta wani abu kusan kunnen doki suke. A Qt akwai textChanged mai tashi duk sanda rubutun ya canja ko da manhajar ce da kanta ta canja shi, akwai textEdited wanda sai mutum ne ya taɓa, sai returnPressed na Enter. A Tkinter ka ɗaura StringVar a kan Entry ka yi masa trace_add da "write", daidai yake da textChanged. Mutane da yawa KeyRelease suke kamawa, ni ban so, saboda ko kibiya aka danna ko Shift sai ya tashi bincike a banza, sannan in maɓallin gogewarka ya share akwatin ba zai ji ba tunda ba kibod aka taɓa ba.

Sai maganar jinkiri. In mutum zai rubuta Abdullahi kuma kowane harafi yana tayar da bincike, sau tara ke nan za a zazzage teburi a sake cika shi, a tsohuwar laptop za ka ga haruffa na maƙalewa. Maganinsa a jira mutum ya ɗan tsagaita kafin a nema. Tkinter tana da after da after_cancel, duk harafin da ya shigo ka soke jiran baya ka ɗora sabo. Qt kuma QTimer ne da setSingleShot, kana kiran start yana sake ƙirga daga farko. Dukansu layi huɗu ne zuwa biyar, babu wadda ta ba ka shi kyauta. GTK, wata kishiyarsu wajen ƙera tagogi, ita ce ta zo da shi a shirye, GtkSearchEntry ɗinta yana jiran milisakan 150 kafin ya tayar da search-changed, sai dai girka GTK a Windows ta hanyar MSYS2 wahala ce da ba zan tura ka ba. wxPython ma na da wx.SearchCtrl mai madubi da maɓallin sokewa, amma ba dalilin ƙaura ba ne. Ni zan ce ka sa jiran ya zama milisakan 300, mutanenmu da yatsa ɗaya ake bugawa ana neman harafi a kibod.

Inda Qt ta yi wa Tkinter nisa na gaske shi ne tace teburin. Tana da QSortFilterProxyModel, wanda yake kamar rariya tsakanin bayananka da abin da ake gani a allo, asalin bayanan na nan ba a taɓa su ba, abin da ya dace da nema ne kawai ke wucewa. Ka haɗa textChanged da setFilterFixedString aiki ya fara. Amma fa akwai abubuwan da in ba a faɗa maka ba sai ka yini kana nema. Da farko shafin farko na teburi, wato column na farko, kaɗai yake dubawa sai ka ba setFilterKeyColumn lamba -1 sannan ya duba duka. Yana kuma bambanta babban baƙi da ƙarami sai ka kashe da setFilterCaseSensitivity. In da QSqlTableModel ka ɗauko daga rumbun bayanai na SQLite, layi 256 yake fara ɗebowa, sauran sai an gangara ƙasa ko ka kira fetchMore, don haka manomi na ɗari uku yana nan a ajiye amma nema ya ce babu shi. Wanda ya fi tsorata ni kuma shi ne lambar layi, bayan an tace, layin farko a allo ba shi ne layin farko a asalin bayanai ba, in ba ka bi ta mapToSource ba sakatare zai danna Sa'adu ya rubuta ya biya buhu biyu, manhaja ta je ta cire wa wani can daban. Wannan a ƙauye ba ƙaramin abu ba ne, magana ce da za ta kai gaban mai unguwa.

A Tkinter babu wannan tsarin, Treeview ne da kai, wato teburin da Tkinter ke nuna layuka a ciki. Ko dai ka goge duk layuka ka sake zuba waɗanda suka dace, ko ka ɓoye da detach ka dawo da su da move, sai dai ka sani get_children ba ya ƙirga wanda aka ɓoye, dole ka riƙe jerin lambobinsu a gefe. Ga suna ƙasa da dubu gogewa da sake zubawa ya wadatar, ido ba zai ma gani ba. Abin da zan nace maka shi ne lokacin insert ka ba kowane layi iid ɗin da yake lambar manomin ce a rumbun bayanai, ta yadda ko an tace ko an juya, wanda aka danna shi ne za a rubuta wa. Ranar da ƙungiya ta girma ta haɗe ƙauyuka, layuka suka kai dubbai masu yawa, ana so a jera ta kwanan wata ko ta yawan bashi, ranar ce Qt za ta biya wahalar koyonta.

Ka kuma duba na'urar kafin komai. Tkinter tana zuwa tare da Python a Windows, ba ka sayen data. PyQt ko PySide (ita ma hanyar amfani da Qt ce a Python) sai an sauke, gomman megabait ne, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa gara ka yi pip download in ka shiga gari ka zuba a filash. In laptop ɗin Windows 7 ce to Python 3.8 ne ƙarshen abin da za ta ɗauka, Qt 6 kuma ba ya aiki a kanta, sai dai PyQt5. Akwai maganar lasisi ma in wata rana za ka sayar da manhajar ba tare da ba da kod ɗinka ba, PyQt ta kamfanin Riverbank GPL ce, wato lasisin da ke sa ka ba da kod ɗinka, ko ka sayi lasisi, PySide6 kuma LGPL ce wadda ta fi sassauci.

Yanzu ga abin da babu ɗayansu da zai yi maka, kuma shi ne zai sa a yaba manhajar ko a koma littafi. Kai ka shigar da Ɗanladi da ɗ mai lanƙwasa, sakatare kibod ɗinsa ba ta da shi zai buga danladi, Qt ta ce babu, Tkinter ma ta ce babu, don a wurin kwamfuta d da ɗ haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Za ka ga ana cewa unicodedata.normalize na warware irin wannan, eh yana yi wa haruffan Faransanci masu alama a ka, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba ya rarraba su, yadda suka shiga haka suke fita. Haka alamar da ke cikin Sa'adu, wani zai buga miƙaƙƙiya, wanda aka kwafo daga Word kuma lanƙwasasshiya ce, wani ma Saadu zai rubuta. Da hannunka za ka daidaita:

tebur = str.maketrans({"ƙ": "k", "ɗ": "d", "ɓ": "b", "ƴ": "y", "'": None, "’": None})

def daidaita(s): return s.lower().translate(tebur).strip()

Ka bi da abin da aka rubuta a akwati ta nan, ka bi da sunan da ke ajiye ta nan, sannan ka gwada su. A allo kuma ka ci gaba da nuna sunan da lanƙwasarsa yadda mai shi ke rubutawa, kar ka lalata asalin. A Tkinter cikin fanshin ɗin tacewarka za ka kira shi, a Qt kuwa sai ka gaji QSortFilterProxyModel ka sake rubuta filterAcceptsRow, ka ga ke nan sauƙin layi ɗayan da aka yi maka talla ya tafi, kod ɗin da za ka rubuta ya kusa zama ɗaya.

In kuma a SQLite kake nema da LIKE, ka sani rashin bambanta babban baƙi da ƙarami nasa na haruffan A zuwa Z ne kawai, Ƙ da ƙ daban yake ganinsu. Ka ƙara shafi ɗaya a teburi, ka ce masa suna_nema, duk sanda aka ajiye manomi ka zuba sunan da ya bi ta daidaita a ciki, nema ya riƙa duba can. Rubutun akwati kuma kar ka taɓa manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, ka sa alamar tambaya ka miƙa shi daban, in ba haka ba sunan Sa'adu kaɗai ya isa ya karya maka umarnin saboda alamar da ke tsakiyarsa.

Wani abin kuma, ƙauyenmu kowa ya san Musa Ibrahim ba ɗaya ba ne, kuma da yawa ba a ma san su da sunan yanka ba sai laƙabi. Ka haɗa suna da laƙabi da unguwa wuri ɗaya a cikin suna_nema, ka raba abin da aka rubuta da split, ka ce sai kowace kalma ta samu a ciki ko da ba a jere ba, ta yadda in an buga musa gabas zai fito da Musan unguwar gabas kaɗai. Muhammadu da Mamman da Mohd kuwa wannan kod bai san mutum ɗaya ba ne, shafin laƙabin ne zai cece ka. Ka sa focus_set a kan akwatin don manhaja na buɗewa a fara rubutu ba sai an nemi maus ba, ka ɗaura Escape ya share, a ƙasa kuma ka sa ɗan rubutu mai cewa an samu mutum kaza, ko ba a samu kowa ba. In ka gama ka zaunar da sakataren da kansa ka karanto masa suna goma daga tsohon littafin ya nema, kai kar ka taɓa kibod ɗin, ka dai tsaya a bayansa ka ga me yake bugawa.