Siririyar raita ta USB ko babba ta cikin kwamfuta: wacce za ka saya?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana buga DVD na bidiyon biki da laftof da 'yar siririyar raitar nan ta USB (na'urar da ke rubuta bidiyon a kan faifai), kuma kwanan nan faifai sai lalacewa suke yi: wani ya tsaya tun farko da saƙon "Power Calibration Area Error", wani ya kusa kammalawa ya mutu. Kana so ka san ko ka sake sayen irinta, ko ka koma babba irin wadda ake ɗaurawa a cikin kwamfutar tebur.

Matsala biyu ce ka haɗa. Kafin raita ta rubuta komai, sai ta gwada ƙarfin lezarta, wato hasken da take rubutu da shi, a wani ɗan zagaye kusa da ramin faifan. Saƙon farko yana nufin gwajin nan ne bai yi ba, kuma galibi abu uku ke jawo shi: faifai mara kyau, ƙura a idon raita (ɗan gilashin da hasken ke fitowa ta cikinsa), ko ƙarancin wuta. Mutuwa a kusa da ƙarshe kuwa, rubutu daga ciki yake farawa ya nufi gefe, kuma a gefen ne gudu ya fi yawa, a nan ne kuma rinin faifai mai arha, wanda a kansa lezar ke rubutu, ya fi rauni. Ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace a hasken taga, ka karkata shi. Idan ka ga launin gefen da dabbare-dabbare, ka samu mai laifi.

To, ga yadda su biyun suke.

Wuta ita ce babban bambanci. Siririyar daga jikin laftof take sha. Ramin USB 2.0 milli-amfiya 500 kawai aka tsara ya bayar, USB 3.0 kuma 900, ita kuwa lokacin rubutu tana iya neman fiye da haka. Shi ya sa wasu ke zuwa da kebul mai kai biyu, mutane kuma su soka ɗaya su bar ɗayan yana reto. Idan kana jin motarta tana tashi tana sauka kamar janareto da aka yi wa lodi, yunwar wuta ce. Babbar tana da layinta na volt 12 da na volt 5, babu ruwanta da wannan wahala.

Wajen gudu, siririya iyakarta 8x a DVD (ninki takwas na ainihin gudun DVD), cikakken faifai na 4.7GB ya ɗauke ta fiye da minti goma. Babbar tana kai 24x, a 16x kuma kusan minti shida ta gama. Amma ni ba don saurin nake sonta ba. Idan ka sa babbar a 8x tafiyar hutu take yi, alhali siririyar a 8x ta ƙure ƙarfinta. Ga kuma riƙo: a siririya da yatsa kake danna faifai kan ƙusa, idonta a buɗe yake duk lokacin da ka jawo tiren, ga ƙurar hunturu. Babbar tana matse faifan sama da ƙasa, idonta yana ɓoye a ciki, kuma ta fi jure zafi idan aka jera mata faifai ashirin.

Inda siririya ta yi nasara shi ne ɗauka da kuma ɗaukewar wuta. Tana shiga jaka, kuma idan aka ɗauke wuta batirin laftof zai ƙarasa aikin. Babbar kuwa, ana ɗaukewa faifan ya tafi, sai in kana da UPS ko inbata. Kada ka raina wannan.

Na taɓa sayen dami na faifai 50 a kasuwa, masu suna mai kyau a jiki. Na zargi raitata har na kusa jefar da ita, ga amarya tana jiran bidiyonta. Da na canja faifai, ko ɗaya bai sake lalacewa ba. Tun daga ranar nake buɗe ImgBurn, manhajar kyauta ce, in duba lambar MID, wadda ke faɗar ainihin masana'antar faifan. MCC 004 ko MCC 03RG20 na faifan kamfanin Verbatim ne samfurin AZO, su nake nema. CMC MAG. AM3 na gama-gari ne, wani dami ya yi, wani ya ƙi. Masu jabu suna kwafar har wannan lambar, saboda haka sayi biyar ka gwada kafin ka ɗauki dami.

Shawarata: tunda sana'a kake yi da ita, sayi babba, irin LG GH24, ASUS DRW-24 ko Lite-On iHAS124. Za ta iya aiki da laftof ɗinka idan ka haɗa da adafta ta SATA (irin mahaɗin da ke bayan babbar) zuwa USB mai tata cajar volt 12. Wadda ba ta da caja ba za ta ko juya faifan ba. Siririyar ka ajiye ta don fita aiki.

Amma kafin kasuwa, yau da daddare, cire duk abin da ke jikin USB, soka raitar kai tsaye ba ta hob (abin ƙara ramukan USB) ba, jona cajar laftof, hure idon da 'yar robar iska ta masu kamara, sa faifai mai kyau a 4x ko 6x, ka kunna "Verify" don manhajar ta duba abin da aka rubuta. Idan uku sun fita lafiya a jere, raitarka kalau take. Idan saƙon nan ya dawo, lezar ce ta gaji, kuma gyaranta bai kai kuɗinsa ba.