Kafin Ka Sayi Ƙamusun Hausa a Jos

Ƙanwata malamar firamare ce a Unguwar Rogo. Rannan ta tare ni: "Yaya, ƙamus nake so in saya, wanne ya fi?" Na ce mata sai ta fara faɗa min wa zai riƙa buɗa shi.

In don yara ne, ko don mai son gyara Hausarsa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, shi ne na gaba. Da Hausa yake bayanin Hausa, ba ya ratsawa ta Turanci. Mu nan Jos da bakinmu ya saba da "mota na ya lalace", muna bukatar littafin da zai riƙa tuna mana cewa mota mace ce, "motata ta lalace" ake cewa. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Mai fassara kuwa bukatarsa daban. Na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977 ƙarami ne, ya dace da jakar ɗalibi, sai dai ya tsufa: kada ka nemi kwamfuta ko intanet a ciki. In aljihu da nauyi, nemi wanda suka fitar a 2020, mai Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa.

Na Bargery, na 1934, rumbu ne. Tsofaffin kalmomi da karin harshen garuruwa suna nan jibge, irin maganar da sai a bakin kaka. Amma an ɗora shi a intanet, don haka ni ba zan zuba kuɗi a kansa ba. Na Abraham na 1949 a bar wa manazarta.

Ko wanne ka ɗauka a shagunan Taminus, kada ka biya sai ka buɗe kalmar "gari". Ya raba garin da ake zama da garin tuwo? Ya nuna inda ake jan wasali da inda murya ke sauka? Sannan ka ƙura wa ƙ, ɗ da ɓ ido. Na taɓa sayen wani bugun jabu da lanƙwasar ta dushe, "ƙafa" ta koma "kafa", shafi huɗu kuma babu su.

Ƙanwar tawa na Bayero ta saya. Yanzu 'yan ajinta ne ke gyara mata "motana".