Farautar ƙaho: Afirka ta Kudu ko Namibiya?

Tambayar nan ta ishe ni: mai son zuwa farautar dabbobin fili irin su kudu (wata babbar barewa mai murɗaɗɗun ƙahoni), impala (ita ma dangin barewa ce) da jakin dawa tare da ƙwararren jagora, ina ya dosa?

Biyan kuɗi iri ɗaya ne a ƙasashen biyu. Akwai kuɗin kowace rana, sannan kowace dabba da farashinta, ko raunata ta kawai ka yi ta tsere sai ka biya.

Bambancin yana ga fili. A Afirka ta Kudu, dokar 1991 ta ba mai gona mallakar namun dajin da ya killace, shi ya sa lardunan Limfofo da Gabashin Kef suka cika da gandaye masu dogon shinge. Dabba ta wadata, iri-iri, cikin mako guda ka gama. Ni dai shingen nan yana rage min armashi.

Namibiya kuwa ƙasa ce busasshiya mai faɗi. Za ka wuni kana bin sawun gemsbok (wata babbar barewar hamada mai dogayen ƙahoni miƙaƙƙu) cikin rairayi da ƙaya, rana na dukanka, wataƙila ka koma hannu rabbana. Ana farautar daga Fabrairu zuwa Nuwamba. Tun 1996 al'ummomin karkara ke da haƙƙin cin moriyar dabbobin yankinsu, don haka a irin waɗannan filaye kuɗinka na isa ƙauye.

Zazzaɓin cizon sauro babu shi a Gabashin Kef, amma arewacin Namibiya sai da maganin rigakafi.

Sabon shiga mai ƙarancin kwanaki, Afirka ta Kudu ta fi masa. Mai juriyar tafiyar ƙafa da haƙurin bin sawu ya nufi Namibiya.