Wata bakwai ina wasan babur da kayan kariya

Da na fara koyon ɗaga tayar gaba, silifas ne a ƙafata, kaina kuwa ko hula babu. Yayana ne ya gindaya min sharaɗi: ko in sayi kayan kariya, ko ya karɓe makullin mashin. Ba don raina ya so ba na sayo hular kwano mai rufe har haɓa, da safar hannu, da abin ɗaurawa a gwiwa, sai takalmin gwanjo mai rufe idon sawu.

Hular tana da shaidar ma'aunin Turai na ECE 22.06. Ba ƙoƙon waje ne kaɗai ke aikin ba. A ciki akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a kwali, shi ke lotsawa ya shanye bugu. Maɗaurinta zobba biyu ne, sai da na yi kwanaki kafin hannuna ya saba.

Zafi kam akwai shi. A watan Afrilu ji kake kamar ka cusa kanka a tanda, ga abokai na tsokanata wai ɗan sama jannati.

Ran nan a filin da muke atisaye a bayan gari, na murɗa totur fiye da kima, ƙafata kuma ba ta kan birkin baya. Kafin in ankara mashin ya yi baya da ni. Ƙeyata ta daki ƙasa, na ji ƙum! Na miƙe ina kakkaɓe ƙura, ko jini babu a kaina. Gwiwa lafiya lau. Salansa ta danne min ƙafa, amma takalmin ne ya sha ƙunar.

Safar hannun ce ta ba ni kunya. Ɗinkin tafinta ya farke tun faɗuwar farko, sai da aka yi ta tsince min tsakuwa daga fata. Laifina ne, mai araha na ɗauka. Yanzu ta fata nake sa wa, mai ninki biyu a tafi.

Ita hular dole na yi mata ritaya. Daga waje ƙujewa ce kaɗan, amma soson idan ya lotsa ba ya komawa, shi ya sa ba zan taɓa sayen ta gwanjo ba. A 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a ka. Tawa hular ce ta koma ƙwarya: Umma na zuba albasa a ciki.