Wuƙa mai haƙora da mai sumul ɗin kaifi: wacce ta cancanci kuɗinka?

Wuƙaƙe uku na gwada a aikin gida na yau da kullum, kuma irinsu ba sa wuyar samu a Kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Barci a Kaduna: babbar wuƙar girki mai sumul ɗin kaifi, ruwanta wajen santimita 20, da ƙaramar mai haƙora irin ta Victorinox da ake kira wuƙar tumatir, santimita 11, sai wuƙar aljihu wadda rabinta haƙora rabinta sumul. Wanda wuƙa ɗaya tak zai iya saya, mai sumul ɗin zai ɗauka.

Mai sumul danna ta ake yi ta ratsa abu, shi ya sa yankanta ke fita tas. Albasa, kabeji, alayyahu, kuɓewa, ferar doya, duk aikinta ne. Mai haƙora kuwa sai an ja ta gaba da baya kamar zarto, tsinin haƙoran su huda fatar abin, sannan lungunan da ke tsakaninsu su ƙarasa. Idan ka sa ta a alayyahu dagargaza ganyen take yi, ruwansa ya fito, kafin ka ɗora tukunya ya fara baƙi. A albasa ma haka, ga hawaye ya ƙaru domin ta fi farfasa naman albasar. Ɗanyen nama kuwa yaga shi take yi, kitse da jijiya su cushe tsakanin haƙoran. Ba banza ba mahauta da masu kilishi ba sa kallonta, sala mai faɗi da siranta ba ta fita sai da kaifi bai ɗaya. Fiɗar ragon layya ma kada a kusance ta da mai haƙora, fatar za ta sha huji.

Inda mai haƙora take cin kasuwarta shi ne abu mai taurin baya ko santsi, cikinsa kuma da laushi. Nunannen tumatir da ya fara saki, wanda wuƙar da ta ɗan dakushe za ta zame a kansa ta matse shi, ita tana taɓawa ta shige. Burodi mai laushi ta yanka shi bai lotsa ba. Lemo, abarba, igiyar leda, bakin buhun shinkafa, kwali, tiyon roba, nan ma ba a haɗa su.

Akwai kuma wani dalili da ya sa matan gida ke yabonta da cewa ba ta dakushewa. A gidajenmu da yawa a kan tiren ƙarfe ko farantin tangaran ake yanka, ba a kan katako ba. Mai sumul duk tsawon kaifinta ne ke bugun tiren, cikin ƴan kwanaki bakin ya kwanta. Mai haƙora tsinin kawai ke taɓa ƙasa, lungunan da ke yankan suna a ɓoye. Katakon yanka guda ɗaya ya magance wannan.

Ranar da mai haƙora ta dakushe fa, nan ake jin jiki. Mai sumul dutse da ruwa kawai take so: ka kwantar da ruwan wuƙar, ka ɗan ɗaga bayanta wajen digiri 15 zuwa 20, ka goga gefe ɗaya har sai ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen idan ka shafa da yatsa daga baya zuwa baki, sannan ka juya. Mai haƙora galibi gefe ɗaya aka fiƙe ta, bayan a shafe yake. Dole sai siririn magagari mai zagaye wanda ke tsukewa zuwa tsini, ka bi lungu lungu, kowanne sau huɗu ko biyar, daga ƙarshe ka kwantar da shafaffen gefen a dutse ka goga sau ɗaya ko biyu don cire ƙaiƙayin. Idan ka miƙa ta ga mai injin wasa wuƙa ba ka yi masa bayani ba, ko a Panteka ne, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, zai iya cinye haƙoran ya bar maka wuƙa mai tudu da kwari. Wannan fiƙar ta gefe ɗaya ce kuma ke sa ta karkace a hannu idan kana yanka abu mai kauri, musamman ga bahago.

Mai rabi da rabi ita ce ban ga amfaninta a kicin ba. Haƙoran suna kusa da ƙota, daidai wurin da ake fere da kankara, sumul ɗin da ya rage kuma ya yi gajere ga yankan nama. Mai shago da ke kwance kaya a kwali da igiya kullum, shi kam za ta yi masa.

Wajen saye, ka duba haƙoran. Masu faɗi da lanƙwasa irin na wuƙar burodi suna wasuwa. Ƙananan nan masu kama da bakin allura da ke zuwa cikin saiti mai araha ba sa wasuwa ko kaɗan, da sun mutu sai a jefar.